Idon Rake

Daga ƙarshen damina har tsakiyar rani, wanda ya biyo hanyar Zariya zuwa Kano ya iso Tashar Yari ba ya bukatar a gaya masa ya shigo ƙasar rake. Ga shi nan dami-dami a jingine a bakin titi, ga 'yan dako suna cika manyan motocin da za su kai shi Kano da Kaduna da Abuja har kudu. Fadamun Maƙarfi da Gimi da Gazara, da na Hunkuyi da Likoro a ƙasar Kudan, da wasu sassan Ikara, su ke ciyar da wannan ciniki. Ranar Laraba kuwa, da kasuwar Maƙarfi ke ci, rake da mazarƙwaila ba sa yankewa har dare.

Tsaya ka kalli mai sayar da yankakke, wanda ke tura baro a tasha. Zai zaro sanda guda, ya sare kanta ya yar, don can sama ruwa ne kawai, babu zaƙi. Ya fere ɓawon, sannan ya shiga yanka. Duk inda gaɓa ta haɗu da gaɓa, wurin nan mai tauri da ɗan ido ke manne, sai ya sa wuƙa ta nan, ya sa ta can, ya fitar da ƙullin ya ture gefe. Abin da ke shiga leda tsoka ce zalla, fara sol, tana ɗigar ruwa. Ba wanda zai ce an tauye shi. Wanda ya bar ƙullin a ciki ma shi ke rasa masu saye, don ba mai son ya biya kuɗi ya ji wa haƙorinsa ciwo.

To, gangara fadama lokacin shuka. Abin da mai baro ya yar shi manomi ke nema. Kan raken nan marar zaƙi shi ne iri. Zai yanka shi guntu-guntu, ya duba ya tabbata kowane guntu na da ido biyu ko uku, ya kwantar a rami, ya rufe da ƙasa, ya ba da ruwa. Daga idon tsiro ke fitowa, daga zoben da ke jikinsa saiwa ke sauka. Ka ba shi tsokar nan mai zaƙi da aka cire wa ido ya binne, in ya tono bayan 'yan makonni ruɓa zai tarar, ko ya tarar gara ta gama da ita. Rake kan yi wata goma zuwa shekara kafin a sare, kuma ko bayan an sare, idanun da suka rage a ƙasa su ke tayar da gyauro.

Haka nake ganin maganar mutane. Akwai wadda ta sha ce, a ji sanyinta yanzu ta wuce. Akwai wadda iri ce, wani zai ɗauka ya ɗaura aure a kanta, ko ya zuba dukiyarsa, ko ya ba 'ya'yansa abinci. Mu Hausawa mun ƙware wajen fere magana, kuma ƙwarewa ce da nake alfahari da ita. Abin da ke damuna shi ne hannunmu ya saba da ferewar, har ya kai mai neman iri ya zo mu miƙa masa yankakke.

Bari in fara da ba kunya haƙƙinta, don akwai masu cewa ita ce ta hana mu ci gaba, ni kuwa ban yarda ba. Matar da ta shekara talatin da mijinta ba ta taɓa kama sunansa ba, sai Malam, sai maigida, sai baban wance, ba tsoro ne ya rufe mata baki ba. Uwar da ke ce wa ɗanta na fari "yaron nan" alhali shi ne sanyin idonta, kowa a gidan ya san abin da ta haɗiye. In aka yi rasuwa a Kudan ɗan mamacin yana Legas, wanda ya san ya kamata ba ya buga waya ya jefa masa labarin kamar dutse. Cewa zai yi, "Jikin Baba ya yi tsanani, ka yi ƙoƙari ka taso yau." Mai ji ya fahimta, ko ya kusa fahimta, amma an bar masa wurin da zai dafa har ya iso gida. Mai zuwa dubiya ba ya cewa majinyaci ya rame. Mai zuwa ta'aziyya ba ya tono bashin da ke tsakaninsa da mamaci a gaban marayu ranar farko. Wanda ya ciyar da maƙwabci a lokacin yunwa ba ya kawo zancen a majalisa har ya mutu.

Abin da ya haɗa duk waɗannan shi ne mai ji ba ya asarar komai. Ko dai ya riga ya san abin da aka tsallake, ko zai sani a lokacin da ya fi dacewa, ko kuma saninsa ba zai ƙare shi da komai ba sai ɓacin rai. Wannan sakayawa ce, kuma garin da ya rasa ta zama a cikinsa zai yi wuya.

Malamanmu na zaure sun daɗe da koya mana cewa ragi hawa-hawa ne. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi, balle wanda ya kai Risala, ya san babin rafkanuwa a salla. Wanda ya manta ƙunutu a Asuba babu komai a kansa. Wanda ya manta sura bayan Fatiha, ko zaman tahiyar farko, sai ya yi sujada biyu kafin sallama, ƙabli ke nan, ya ɗinke abin da ya rage. Amma wanda ya tsallake ruku'u ko sujada, ƙabli ba ta isar masa, dole ya kawo abin da ya bari ko raka'ar ta tashi. Sannan an raba mai mantuwa da mai ganganci. Muna kiyaye wannan a kan darduma sau biyar a yini, ba ma haɗa mustahabbi da farilla. Da mun fito zaure sai mu mayar da kowane shiru abu ɗaya, mu sa masa suna kawaici.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne binciken aure. Kawun yarinya ya hau babur daga Paki ya tafi wani ƙauye a ƙasar Maƙarfi, ya yi sallama da dattijon da ke maƙwabtaka da gidan su saurayi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa har da tambayar damina. Sannan ya gyara zama ya ce, "Malam, amana ce ta kawo ni. Yaron nan na gidan wane yana neman 'yarmu, shi ne aka ce in zo in ji daga bakinka." Dattijo ya sunkuyar da kai, ya ja carbi, ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji. Gidansu gidan mutunci ne. Yaro ne mai neman na kansa, yana da gonarsa, muna salla tare." Kowace kalma gaskiya ce. Abin da ya ture gefe shi ne matar farko da ta fita da karyayyen hannu, da kwalaben maganin tari da ake tsinta a bayan ɗakinsa. Kawu ya yi godiya, ya koma ya ce a sa rana. In abin ya ɓaci bayan wata takwas, dattijo zai ce, "Ni dai ban yi ƙarya ba." Bai yi ba kuwa. Amma an zo wurinsa neman abin da za a dasa rayuwar yarinya a kai, ya ba da zaƙin ya riƙe idon.

Na san abin da ke riƙe bakinsa, kuma ba mugunta ba ce. Yana tsoron a ce shi ya raba, yana tsoron gaba da maƙwabcin da za su ci gaba da haɗuwa a masallaci, yana kuma tsoron giba. Na ƙarshen nan addini ya riga ya warware shi. Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, kuma nasiha ga mai neman shawarar aure na cikinsu. Hujjar tana cikin Sahihu Muslim: Fadimatu 'yar Ƙaisu ta je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zancen mutum biyu da ke nemanta, Mu'awiya da Abu Jahmi. Ya gaya mata ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma yana da zafin hannu, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Sahabbai ne duka biyun, masu daraja, amma darajarsu ba ta sa an rufe wa matar abin da za ta zauna da shi ba. Dattijon da ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba yana da wata hanya da Bahaushe ya sani: "Alhaji, ku ƙara bincike, kada ku tsaya a kaina." Mai hankali ya ji wannan ya san akwai magana. Wannan ma sakayawa ce, amma ta bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma abin da ko maƙwabci bai sani ba, sai gwaji. Ciwon sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini, ba ya nuna kansa a jikin mai ɗauke da rabin ƙwayarsa. Mai AS lafiyayye ne, yana noma, yana dako. Amma in ya auri mai AS, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da rabin ƙwayar, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai. A watan Mayun 2024 maƙwabciyarmu Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, wanda ya haɗa da jinsin jini da ƙanjamau da ciwon hanta. Doka aba ce mai kyau, sai dai takarda ba ta magana da kanta. Akwai uban da zai karɓi sakamako ya ninke ya sa aljihu don an riga an kai lefe, akwai saurayin da zai nuna shafi ɗaya ya riƙe ɗaya. Wanda ya taɓa kwana a asibiti kusa da yaro mai sikila yana kukan ƙashi da tsakar dare ya san wa ke biyan kuɗin wannan shirun, kuma yaron ba ya nan ranar da aka yi shi.

Haka abin yake a shagon maganin feshi, ko da yake a nan gaggawa da rashin sani sun fi kunya yawa. Ƙasar Ikara da Kudan ƙasar tumatir da barkono ce, shi ya sa ma aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun 1981. Manomi ya shigo da ganye a hannu ya ce, "Ga abin da ke cin gonata." Mai shago ya miƙo kwalba ya ce murfi kaza a injin feshi ɗaya. Cinikin ya ƙare a nan. A jikin kwalbar, da ƙananan haruffan Turanci, an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinka, an rubuta a rufe hanci da hannu, an rubuta kada a sake amfani da kwalbar. Ba a faɗi ko ɗaya ba. Sai a yi feshi da yamma a tsinka da safe don motar kudu na jira, kwalbar kuma a ɗauraye ta a zuba mata man gyaɗa. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa sharon, ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman, mutane sun yi ta zuba duk maganin da hannunsu ya kai. Shekara guda kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin nan na fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Su sun auna sun mayar. Waken da bai fita ba mu muka dafa. Jimla biyu ce mai shago zai ƙara, da Hausa, kafin ya ba da canji, kuma ba za su rage masa ko kwabo ba.

Sai zancen gona, wanda shi ya fi cika zauren dagatai da kotunan shari'a a wannan yanki. Mutum ya shiga matsi, ko rashin lafiya ko aurar da 'ya, ya je wa abokinsa ya ce, "Yaya, ka riƙe fadamar nan ka ba ni kaza, in Allah ya hore in dawo maka da kuɗinka." Aka ƙirga kuɗi, aka yi musabaha, aka shafa fatiha. (Malamai na da magana a kan halaccin cin amfanin gonar jingina, wannan babi ne mai zaman kansa, kuma ya kamata a tambaye su kafin a shiga.) Abin da nake nufi a nan shi ne tarin abubuwan da aka bari ba a ambata ba, don kowannensu yana jin nauyin ɗan'uwansa. Ba a ce shekara nawa ba. Ba a ce wa ke da 'ya'yan ɗorawa da mangwaron da ke bakin gonar ba. Ba a ce in mai gona ya kawo kuɗi rake na da wata biyar a ƙasa, na wa ne, gyauron baɗi kuma fa. Ba a yi zancen darajar kuɗin ba, alhali dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, buhun taki da na masara kuma suka bi ta. Wani lokaci ko kalmar kanta ba a tsayar ba, ɗaya ya tashi da jingina a ransa, ɗaya ya tashi da saye.

Muddin su biyun suna raye, kunyar da ta hana su magana ita ke riƙe da zumuncin. Ranar da ɗaya ya rasu, 'ya'yansa ba su gaji kunyar ba, gonar suka gada. Shaidun sun tsufa ko sun bi shi. Sai ka ga jikokin aminai biyu sun daina gaisawa, ana kashe kuɗin da ya fi na jinginar a zirga-zirgar kotu, fadama kuma ta shekara ba a noma ta ba.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: a rubuta bashi, a ambaci lokacin biya, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ko kaɗan ne. An saukar da ita ga mutanen da suka fi mu amana da riƙon alkawari, saboda haka neman a rubuta ba zargi ba ne, kuma bai kamata wanda aka ce wa "mu rubuta" ya ji an ci masa fuska ba. Amma na san halinmu, na san ƙani ba zai iya duban yayansa ya ce masa haka ba. Shi ya sa nake ganin nauyin ya koma kan na uku. Liman ko mai unguwa da aka kira shaida, shi ba ya bin kowa ba a kuma bin sa, shi ya dace ya ce, "To, kafin mu shafa, bari in yi tambaya." Ya tambayi wa'adin, ya tambayi itatuwan, ya tambayi amfanin da ke tsaye, ya sa a faɗi iyakokin gonar gabas da yamma da sunayen maƙwabtanta. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda ya samu, a falle biyu, kowa ya riƙe ɗaya, yaran gida su ɗauki hotonsa a waya. Mun riga mun saba da wakilci a wajen aure, inda ango ba ya buɗe baki sai wakilinsa ya nema masa, don haka ba sabon abu za a ɗora wa mutane ba.

Akwai tambaya ɗaya da na fi so mai shaida ya riƙe, don ita aka fi tsallakewa: gonar nan ta mutum ɗaya ce, ko ta gado ce da ba a raba ba? Sau da yawa babban wa ne ke jinginar da fadamar da mahaifinsu ya bari, ya yi magana kamar tasa ce shi kaɗai, alhali akwai ƙannensa mata uku ko huɗu da ke da rabo a ciki, rabon da Suratun Nisa'i ta yanka musu. Ba a kira su ba don suna gidan miji, su kuma ba za su tambaya ba don kada a ce sun yi wa yayansu rashin kunya, ko a ce mazajensu ne ke zuga su. In aka yi shekara ashirin a haka, 'ya'yansu ma ba za su san uwarsu na da taki ɗaya a wannan ƙasa ba. Mai shaida ya sa a lissafo magada da sunayensu, maza da mata, a rubuta su a takardar. Sannan a aika wa matan a gidajensu, ko a Auchan suke ko a Zariya ko a Kaduna, a ji yardarsu daga bakinsu kafin a ƙirga kuɗi.